Kallon Daji Aka Yi wa Kitse

Jadi wanzami ne ya fara gani.
Ranar Laraba, gindin bedin Bagalam,
aska ta tsaya cak a ƙeyata.
Ya ce, Isaka, wannan fa ba na jiya ba ne.
Na kai hannu: wani abu kamar ƙwan zabuwa,
ba zafi, ba ƙaiƙayi,
yana zillewa ƙarƙashin yatsa kamar mai jin kunya.
Na ce maruru ne.
Ya ce maruru ba ya shiru haka.

Damina ta wuce, ya kai goruba.
Aka cire gujiya, ya cika tafin hannu.
Yaran mahauta suka samu abin yi:
Baba ya yi tozo, nawa za ka sayar?
Ina dariya da su.
Da dare nake kwana a gefe ɗaya, ido biyu.

A babban asibiti
likita Zalika ta daɗe tana kallon hoton.
Na san irin kallon nan,
shi nake wa hantar da ban yarda da ita ba.
Ta ce, ba zan rufe ka ba, Baba,
kamanninsa sun ɗauko na daji.
Za mu cire, mu aika Yamai, su duba.

Suka cire. Na gan shi cikin kwalba,
yana lilo a ruwan magani,
ya riga ni shiga motar Yamai,
ni da ban taɓa wuce Ƙonni ba.

Kwana ashirin da uku.
A cikinsu na biya mai itace jikka bakwai,
na yafe wa Na'Allah kuɗin cinyar salla biyu,
na taka har Jiratawa wurin ƙanena
da muka yi shekara shida ba ko sallama
a kan iyakar gona, taku huɗu.
Na nuna wa Tsahara gwangwanin da ke bayan randa.
Ta ƙirga, ba ta ce komai ba,
ta juya tana hura wutar da ke ci.
Na ba Lawali wuƙar ubana
da dutsen washinta, wanda ya lotse a tsaka.

Ranar da takarda ta zo
mu biyu ne bisa benci,
ni da wani dattijon Tibiri mai hular saƙa.
Ya ɓantaro mini goro.
Aka fara kirana.

Ta ce, sun duba sau biyu,
na farko ma ya ruɗe, sai da ya kira babbansa.
Kitse ne.
Wani iri ne da ba a cika gani ba,
mai aron rigar mugu, alhali ba ya cizo.
Ba ya bazuwa, da wuya ya dawo.

Na ce, kitse?
Shekara arba'in ina yankansa,
ina ɗora shi gyara bisa tsokar mutane,
ina gane na rago da na akuya ido rufe,
ga nawa a wuyana ban shaida shi ba!
An saba yi wa rogo kallon kitse,
yau ga kitse an yi masa kallon daji.
Dariya ta kama ni har ɗinkin ya motsa.

Da na fito aka kira na Tibiri.
Na jira. Ya daɗe.
Ya fito ya ninke takardarsa huɗu,
ya sa cikin hula, ya ce a gaida gida.
Goronsa na bakina, ban iya haɗiyewa ba.

Yanzu Na'Allah na gaishe ni daga nesa,
yafiya ba ta komawa kube.
Gwangwani ya zama tunkiya biyu, na Tsahara.
Wuƙa sai na ara wurin Lawali.
Ƙanena ya aiko da yakuwa da albasa.

Laraba na koma gindin bedi.
Jadi ya lallaɓa aska gefen tabon,
ya ce, ina tozon?
Na ce yana Yamai, ya samu wurin zama.